Jitar da Aka Auna a Sikelin Kifi

Shekara talatin da ɗaya ina kaɗa ganga a bayan Eustorgio Pacheco, don haka ba wanda ya kai ni sanin ƙeyarsa da kafaɗunsa. Shi ne mai jitar bes a ƙungiyarmu ta makaɗa a nan Barranquilla, jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda ƙirji ke riga kunne ji. Tasa tsohuwa ce baƙa, ya saye ta a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa tun yana saurayi, nauyinta kamar an rataya wa mutum turmi.

Mutumin akwai baki. Duk wanda ya zo da jita mai tsada, irin wadda ake ƙera wa mutum shi kaɗai, sai ya sa shi gaba da tsiya. Cewa yake kiɗa a yatsa yake, ba a katako ba, wai ko a ƙyauren banɗaki aka ɗaura masa tsirkiya sai ya tayar da gurgu rawa. Mukan yi dariya, don kuwa ya iya ɗin.

Amma jiki magayi. Bara kafaɗarsa ta hagu, inda maratayin jitar ke zama, ta fara ƙin aiki. Ya ɓoye wa kowa, ya manta ina bayansa. Da mun yi awa ɗaya muna kiɗa, sai in ga ya soka babban yatsa a ƙarƙashin maratayin ya ɗan ɗaga. Matarsa Nohemí ce ta fasa mini ƙwan: hannun ya daina ɗaguwa sama. Da safe ita ke sa masa riga, da yamma ita ke cire masa, shi kuwa yana kallon bango saboda kunya. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Shugabanmu Don Rosendo bai yi nuƙu-nuƙu ba. Ya ce bikin Karnabal na tafe, awa biyar ce a tsaye kan mota cikin rana, idan ba zai iya ba ya faɗa tun da wuri a nemi wani. Na ba Eustorgio shawara ya kaɗa a zaune. Ya harare ni, ya ce ranar da na gan shi kan kujera a motar Karnabal, in aika a kawo akwatin gawa.

Da ƙyar na ja shi zuwa garin Soledad wurin Doña Ludys Barraza, mai ƙera irin jitocin da ya shekara yana zagi. Ina ta fargaba kada ta kore mu, don maganganunsa sun daɗe da isa kunnenta. Ba ta kore mu ba, amma ba ta ba shi jita ko ɗaya ya taɓa ba. Sikelin kifi ta ɗauko, ta rataya tsohuwar jitarsa, allura ta tsaya a kilo biyar da rabi. Ta danna masa kafaɗa har ya cije baki, ta auna hannunsa da awon tela, ta ce za ta ƙwaƙule cikin katako mara nauyi ta yi masa wadda ba za ta kai kilo uku ba. Da ta faɗi kuɗin, na san sai ya sayar da babur ɗinsa.

Ya tambaye ta murya ƙasa-ƙasa, "To, sautin fa?"

Ta ce, "Sautin naka ne, Don Eustorgio. Ba kai ka ce a yatsa yake ba? Ni kafaɗa zan yi wa aiki."

Bayan wata uku ya zo wurin gwaji da sabuwar jita, a motar haya. Muka yi waƙa huɗu, ba wanda ya ji wani bambanci, har Don Rosendo. Ran Eustorgio ya ɓaci. Ya ce mini ya sayar da babur ya sayi abin da dama yake da shi. Masu busa na ƙungiyarmu kuwa abin nema ya samu, suka riƙa tambayarsa ko jitar tana da wurin zaman fasinja. Na ba shi haƙuri, amma ni ma ina da shakka, domin gwaji awa ɗaya ne kawai.

Ranar Asabar ɗin Karnabal ban taɓa yin kiɗa mara daɗi irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Hannuna na kan ganga, idona na kan babban yatsan nan. Awa ɗaya ta wuce, bai taɓa maratayi ba. Ta biyu, mata suna watsa mana garin masara daga ƙasa kamar yadda aka saba a bikin, yana ta murmushi. A ta huɗu ma har ya juyo ya yi mini gwalo, ya ce in daina kallonsa kamar tsohuwar da ta ba da ajiya. Sai a lokacin na mai da idona kan gangata.

Da rana ta yi sanyi muka sauka, rigunanmu sharkaf da gumi. Nohemí na jiransa a bakin titi da busasshiyar riga. Ta miƙa hannu za ta kama masa ta jikinsa kamar yadda ta saba.

Ya ce, "Bari, uwargida."

Ya ɗaga hannayensa biyu sama, ya zare rigar da kansa. Nohemí ta tsaya tana kallonsa, ta rasa abin da za ta yi da hannunta, sai ta rufe fuska da busasshiyar rigar tana hawaye.

Ya ce, "Haba, Nohemí, ita ma za ki jiƙa mini ita?"