Wata Bakwai Bodil Ba Ta Sa Baki Ba

Bodil Kragh ta shekara goma sha biyu tana rubuta manhaja kafin ta koma koyarwa a jami'a a Aalborg. Ta ce kwamfuta ba ta taɓa ba ta ciwon kai ba, masu zama gabanta ne, don haka su za ta nazarta. Aikinta ke nan har yau: ta shiga kamfani, ta zauna a lungu da littafi, ta rubuta wa ke katse wa, wa ke tsoron tambaya.

Ƙa'idar binciken ɗaya ce: ta gani, ta yi shiru. In ta sa baki ta zama ɗaya daga cikinsu, duk abin da ta tara ya tashi a banza.

Wata bakwai ta yi a haka a wani kamfani mai yi wa jiragen ruwa manhaja, har suka laƙaba mata suna Kujera, don ba ta motsi daga lungunta. Troels, shugabansu, kan rataye rigar ruwansa ya ce, "Kujera, an tashi lafiya?"

Sai manhajar ta fara tsayawa. Mutum biyar suka yi mako uku suna laluben dalili. Ita kuwa tun rana ta biyu ta hango kuskuren a allon Asger, mai zama gabanta, a layi ɗaya tak na rubutun manhajar. Ta ciji biro ta rubuta, "Sun yi taro." Washegari, "Sun yi taro a kan taron jiya." Saura mata wata guda ta gama, kuma da wannan binciken za ta nemi kujerar farfesa.

Ranar Alhamis Troels ya ce a rushe komai a faro daga tushe. Bodil ta miƙe, ta ture kujerar Asger da shi a kai, ta gyara layin. Manhaja ta tashi.

"Jama'a, Kujera na tafiya!" in ji Asger.

Troels ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Mako uku."

"Muguwa! Muna ta zufa kina shan kofinmu? To binciken fa?"

"Ya mutu. Taronku ya kashe shi."

Da safe Asger ya kawo kek, kamar yadda mai kuskure kan yi a al'adar wurin. Ta ci yanka uku ba kunya.

Kujerar farfesan dai wata daban aka ba. Bodil na wani kamfani yanzu, ta faro daga shafin farko. Abin da ta fara roƙa shi ne a zaunar da ita inda ba ta ganin allon kowa.