Zonga, Karen Maman Kwango

Asabar ɗin ƙarshen watan Yuni ce, shekarar da nake aji biyar a firamare, ranar share-share da ake hana kowa fita a Legas sai ƙarfe goma. Ruwa ya kwana yana zuba, kwatar layinmu a Agege ta cika ta tumbatsa, maza sun naɗe ƙafar wando suna kwashe baƙin taɓo da shebur. Ina tsakar gida da tsintsiya a hannu aka ce Baffa Sani, yayan mahaifina, yana kirana a baranda. Na tarar da shi a kan buzu, dattawan layi uku a gefensa, Gwaggo Ladi ƙanwarsu ta tokare ƙofa hannu a ƙugu, mahaifiyata kuma tana durƙushe a kan siminti ta rufe kai da mayafi. Can gefe, ɗaure a jikin turken shanya, karenmu ne yake ta kaɗa wutsiya, shi a dole don shi aka taru. To gaskiyarsa, don shi ɗin aka taru. Shari'ar sunansa ake yi, ni ce kuma shaida.

Mahaifiyata ba 'yar ƙasar nan ba ce. Babana falke ne, yana kai leshi da turare Kinshasa, a can ya gan ta ya auro ta. Ta musulunta aka sa mata Maryam, amma in ban da Baffa ban taɓa jin wanda ya kira ta da wannan suna ba, kowa Maman Kwango. Ta yi shekara goma sha biyu a gidan, ta iya tuwo, ta iya kunun gyaɗa, ta haddace surorin salla, duk da haka Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba. Sai ta ce wa namiji "ki zo", ta ce wa mace "ka tafi", matan gida su kwashe da dariya har da tafawa. In ta sa ni dakan ganyen rogo don miyarsu ta can, Gwaggo Ladi takan leƙo turmin ta ce, "Yau ma da awaki za a yi rabo ke nan?" Mama takan yi murmushi ta ci gaba da wanke busasshen kifinta.

Karenmu na farko sunansa Yaka, kuma Baba ne ya raɗa masa. Ya ce ranar da ya fara ganin Mama tana sayar da soyayyen kifi a bakin kasuwa, ta ɗaga murya ta ce "Yaka!" da yarensu na Lingala, wato zo. Shi kuwa ya ji Hausa tsantsa, ya waiga ya je. Yakan ce, "Kalma ɗaya muka haɗa da mutanen Kwango, ita ma ta cinye ni." Ba a son kare a gidan Musulmi, kowa ya sani, amma Baffa yana da rumbun goro a bayan gida kusa da titin jirgi, ɓarayi sun sha fasa shi, don haka ya ɗaga ƙafa. Sharaɗi dai kada karen ya tako cikin gida, kwanonsa daban, in ya lashi wani abu a wanke sau bakwai. Ni ce mai kai masa ƙanzo da safe kafin in tafi makaranta, ni ce kuma mai cire masa kaska da tsinke ranar Lahadi.

Daga kan Yaka Mama ta bi karnukan layin dogo kaf ta raɗa musu suna. Akwai wani ramamme da ake iya ƙirga haƙarƙarinsa, shi ne Nzala, wato yunwa. Wata karya mai haushin tsiya a garejin makanikai ita ce Makelele, mai hayaniya. Wani gurgu da motar haya ta danfo ta taka shi ne Malembe, a hankali. In mun tafi ɗebo ruwa a famfon bakin titi, ni da ƙaramin bokiti ita da baho, sai ta dinga gaishe su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu dogon zance, ta yi tambaya ta ba kanta amsa, ta yi dariya. A lokacin na ɗauka wasa ne. Sai da na girma na gane cewa duk faɗin Agege, in Baba ba ya gari, waɗannan karnukan ne kaɗai take yi wa magana ba su gyara mata ba.

Makaranta ce ta ɓata ni, ko in ce na ɓata kaina na ɗora wa makaranta. Lokacin kaɗe-kaɗen Kwango sun cika gari, kowane shagon aski su yake saki, yara suka laƙaba mini 'Yar Makosa, don makosa ake ce wa kiɗan. In na shigo aji sai wani ya murguɗa ƙugu ya ce, "Oya, yi mana irin ta mamanki!" In an zana suwe, wasan tsalle da ƙafa ɗaya, a ƙasa ko an zauna 'yar carafke, sai a ce ba a wasa da mai warin kare. 'Ya'yan Yarbawa suna da yarensu, 'ya'yan Hausawa suna da nasu, ni kuwa aka bar ni a tsakiya. Sai na yanke shawarar zama Bahausa fiye da kowa. Mama ta yi mini Lingala in yi kamar ban ji ba. Ta maimaita in zumɓura baki in ce, "Ki yi mini Hausa." Wallahi ina tuna yadda takan tsaya tana laluben kalmar a bakinta, ni kuma ina tsaye ina jira, har da ƙyafta ido. Cikin shekara biyu na toshe kunnena tsaf, abin da na sani ya zube, sabo kuma bai shiga ba.

Ina aji huɗu Baba ya yi tafiyar da bai dawo ba. Yaƙi ya ɓarke a can, wasiƙa ta yanke, fataken da suka tsero kowa da irin labarinsa. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo shi ba. A cikin wannan shekarar jirgin ƙasa ya take Yaka. Bayan sati biyu Mama ta dawo daga garejin makanikai da ɗan kwikwiyo ja a cikin kwali, ɗan Makelele, ta ce sunansa Zonga. Ban tambaye ta ma'anarsa ba, don na riga na daina tambaya. Kullum dab da magariba sai ta tsaya a ƙofar baya tana fuskantar titin jirgi, ta ɗaga murya sau uku, "Zonga! Zonga! Zonga!" Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne sau da yawa karen yana kwance a gindin ƙafarta, amma sai ta yi kiran.

Gwaggo Ladi ce ta fara fassarawa. A wurin Bahaushe sunan kare ba a banza yake ba, habaici ne. Ta ce kakarsu a ƙauye tana da kare mai suna Bar-su-da-halinsu, kuma duk garin an san da wa take. To unguwarmu da bakinmu Zango muke ce mata. Mace ta zo daga wata uwa duniya, an ba ta ɗaki an ba ta addini, ta rasa sunan da za ta sa wa kare sai Zango? Kuma ta tsaya kullum tana shelanta shi ga karen a gabanta? Ai mu take kira karnuka. Magana ta bi layi, daga masu goro zuwa mahauta, har mai shayin bakin masallaci ya daina amsa gaisuwarta. Abin da ya tara dattawa a barandarmu ranar Asabar ɗin nan ke nan.

Baffa mutum ne mai sanyi, ba ya son tashin hankali. Ya ce, "Maryama, ki faɗa mana abin da sunan nan yake nufi, magana ta wuce." Mama ta ce ba Zango ba ne, Zonga ne. Aka ce to mene ne shi? Ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago ta dube ni ta ce, "Rabi ya sani." Ko a nan sai da wani dattijo ya yi murmushin "ya" ɗin. Duk idanu suka dawo kaina, har da na yaran layi da suka yi cirko-cirko a bakin kwata, cikinsu da 'yan ajinmu biyu. Ban sani ba. Da na ce ban sani ba, da gaskiya na faɗa. Amma na ga hanya ta buɗe mini, na ga yadda zan tsallaka in koma cikin mutane. Na ce, "Zango take nufi. Bakinta ne ba ya iya faɗa daidai."

Magana zarar bunu ce. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ato! Daga bakin 'yarta." Mama ba ta musa ba, ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, kallon da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ƙarfe goma na cika hanya ta buɗe, Baffa ya sa aka tare masu yawo da keji a bayan babur suna neman karnuka, ya ce su ɗauka kyauta. Kowa ya san inda irin waɗannan karnukan suke ƙarewa. Zonga ya shiga kejin yana kaɗa wutsiya, don ni na riƙe igiyar. Ranar Litinin aka sa ni a wasan suwe, har aka ba ni jifan farko. Kun ji farashin da na sayar da uwata.

Daga ranar Mama ba ta ƙara furta kalmar Lingala a gabana ba. Ta daina tsayuwar ƙofar baya, ta daina gaida karnukan hanya, miyar ganyen rogo ma ta bari. Ta ci gaba da yi mini komai, kitso, wanki, ɗumamen safe, cikin gurguwar Hausarta da 'yan kalmomi kaɗan. Ni kuma na ƙi tayar da zancen, ita ma ba ta tayar ba, muka zauna a ɗaki ɗaya shekara takwas da wannan abu a tsakaninmu. Ranar da zan tafi makarantar koyon jinya a Kano ta rako ni tasha ɗauke da jakata a ka. Direba ya tayar da mota, sai ta zuro hannu ta taga ta kama wuyan hannuna ta ce, "Rabi, zonga." Raina ya ɓaci nan take. Na ce a zuciyata, wato shekara takwas tana riƙe da ni, sai yau a gaban mutane za ta yi mini gorin kare? Na fizge hannuna. Hutun farko na ƙi zuwa gida, na biyu ma na laɓe a gidan dangin Baba. Ana cikin na uku Baffa ya aiko a gaya mini ta rasu, zazzaɓin kwana huɗu, har an kai ta.

Na kai shekara talatin da ɗoriya kafin in ji kalmar a wani bakin. Na taso daga aiki ina jiran mota a Oshodi, sai wani yaro ɗan shekara uku ya kufce wa uwarsa ya nufi titi. Matar ta ƙwalla ihu, "Zonga! Zonga awa!" Yaron ya tsaya cak, ya juyo da gudu ya faɗa jikinta. Ban buƙaci tafinta ba, amma sai da na je na tambaye ta da Turancin buroka. Ta ce ita 'yar Kwango ce, kitso take yi a Isolo, kuma ma'anarsa "dawo". Na zauna a kan dakalin wata mai lemo na yi kukan da ban yi ba ranar da aka aiko mini. Ashe ba kare take kira a ƙofar baya ba. Ta yaya mace za ta dubi yayan mijinta da dattawan unguwa ta ce kullum magariba mijina nake kira ya dawo? Kunyar da muka koya mata ce ta rufe mata baki, ta miƙo mini maganar don tana zaton 'yarta ta sani.

Yanzu duniya ta juya. A unguwannin masu hali ana yawo da karnuka masu rigar sanyi, kuma sunan waje shi ne gayu. Kwanan baya ɗana Sadiƙu ya zo mini da waya, wai abokinsa ya sami kwikwiyo suna neman suna mai daɗi, ga jerin sunayen Lingala sun samo. Yana karantowa yana lanƙwasa harshe, Elengi, Makasi, Bolingo, yana cewa, "Umma, ji daɗin yaren nan don Allah." Yaren kakarsa ne, a waya ya tsince shi, ni da na sha shi a nono ba ni da abin da zan ƙara masa. Gidanmu na Agege an rushe shi an yi shaguna, an katange titin jirgin, Baffa da Gwaggo duk sun bi ta, babu sauran wanda zan je in gaya wa cewa ƙarya na yi. Nakan je maƙabarta in tsaya daga bakin katanga in yi mata addu'a, don ko kabarin ban san wanne ne ba. Sau ɗaya tak ta roƙe ni abu da yarenta, kuma na dawo, sai dai ban tarar da ita ba.