Ragon Sunan Sadiqa

Ticha Faruq Abdul-Manan haifaffen Salaga ne, amma a Bawku ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana koyar da kimiyya a wata sakandare da ko fanka babu a ajinta. Mutum ne mai shegen naci, kuma nacin nan bai taɓa tsinana masa komai ba.

Sai da suka shekara tara da aure kafin matarsa Mansuratu ta haihu. Ya sayi rago, suka tsayar da sunan da za a sa, Sadiqa. Ran kwana biyar yarinyar ta koma, ba a kai ga suna ba. Ragon ya zauna a turke. Faruq ya ƙi yankawa, ya ƙi sayarwa.

A shekarar ne wata ƙungiya ta ƙasar waje ta fara turo wa malamai hotunan sama, su duba a kwamfuta ko za su ga ɗigon da ke motsi. Wata huɗu ya yi yana ƙura ido, har ya gano ɗaya, wani dutse mai yawo tsakanin duniyar Mas da Jufita. Aka ba dutsen lamba, aka ce in an tabbatar da hanyar da yake bi, Faruq ne zai raɗa masa suna. Bai yi wani dogon tunani ba. Yana da sunan da ba a yi amfani da shi ba, ga kuma rago.

"Kwana nawa za a jira, Ticha?" in ji Mansuratu.

"Sun ce shekara shida, ko goma."

Da rikici ya hana karatu a Bawku suka koma Yendi, har da ragon a bayan mota. Ragon ya tsufa, haƙora suka zube, Faruq yana jiƙa masa dusa, maƙwabta na dariya. Wata haihuwar kuma ba ta zo ba.

Bara saƙo ya iso daga ƙungiyar. An nemi dutsen inda lissafi ya ce zai kasance, ba a gan shi ba, kuma ba a sa wa ɓatacce suna. Faruq ya karanta wa Mansuratu.

"Shi ma ya koma?" Mansuratu ta tambaya.

Ya gyaɗa kai.

Washegari ya kayar da ragon ya yanka da kansa, ba liman, ba goro, ya faɗi sunan Sadiqa sau ɗaya da ƙarfi. Mansuratu ta ɗora tukunya tana kuka. Naman ya wuni a wuta bai yi laushi ba.