Goro Ɗaya da Ya Ƙi Rabuwa

Shekarun baya na yi wani abin kunya, kuma tun yanzu ku sani, wawan labarin ni ne. Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma a gidanmu na Jakara ni ake kira in lissafi ya tashi, ni kuma ina hura hanci.

Da aka yi mini jika na fari, na je kasuwa sayo goron suna, ƙwarya goma, wato dubu cif. Mai goro ya zuba mini gyara guda takwas. Na ce, “Haba Alhaji, takwas kamar ana ba maraya?” Na tsaya a kansa da ciniki har ya gaji ya jefo ɗaya. Dubu da tara ke nan, na taho ina jin na ci riba.

Danginmu gida bakwai ne, kuma in goron wani gida ya fi na wani ko da ɗaya, gwaggona za ta ji, zumunci kuma sai ya yi tsami har wani sunan. Na zauna a soro gaban ƙannena, na rantse zan raba daidai, ko ɗaya ba zai saura ba. Har da wa’azi: “Ƙaramar lamba ce ke gardama. Babba ko ta ina ka yanka ta sai ta bi.”

Na kasa bakwai, ɗaya ya saura. Na sa maƙwabci suka zama takwas, ɗaya ya saura. Na ƙara gidan liman, tara, yana nan yana kallona. Na cire mutane na koma shida, shi ɗin ne dai. Gumi ya jiƙa mini hula.

Na aika aka kira abokina, tsohon malamin lissafi a Ƙofar Na’isa. Ya ɗan yi zane-zane a ƙasa da tsinke, ya kwashe da dariya. “Malam, ka gamu da mai taurin kai. Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, komai girmansu. Ko ka ba gida ɗaya duka, ko ka nemo gida dubu da tara.”

Na ce, “Duk Kano a rasa dabara?”

Matata tana jin mu daga tsakar gida. Ta leƙo, ta ɗauki marayan goron nan, ta ɓare, ta jefa a baki. Sauran suka kasu bakwai lafiya lau.

Har yau in na ga goro sai na tuna girma ba ya hana taurin kai, a lamba ko a mutum. Amma a ranar, don in farfaɗo da martabata, na gyara murya na ce mata ta ci amanar dangi.

Ko tauna ba ta daina ba ta ce, “Na dangi ga shi nan kashi bakwai, Malam. Kwaɗayinka na cinye.”