Matar da ta faɗi a kan ƙanƙara

Akwai wata waya da aka yi mini a Riyadh wadda ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi, ita da kwanaki ukun da suka biyo bayanta. Ranar Alhamis ce da la'asar. Ina zaune cikin mota a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ina jiran maigidana ya fito daga taro, domin aikin tuƙi nake yi a lokacin. Mai kiran wata nas ce daga asibitin da ake yi wa matata wankin ƙoda. Ta gaya mini, da Larabcin da nake tsinta da ƙyar, cewa matata ba ta zo ranar Talata ba, yau ma ba ta zo ba. Na ce ta sake dubawa, ƙila wata ce daban. Ta karanta mini sunan tiryan-tiryan.

Sau uku a mako ake yi mata wankin, Lahadi da Talata da Alhamis, an kusa shekara biyu ana yi. Ni ina wurin aiki, tasi ke kai ta ya dawo da ita. Da na isa gida a unguwar Al-Shifa na tambaye ta, ba ta yi musu ba.

Ta ce, "Malam, na gaji. Khalas, ya isa haka. Awa huɗu ina kwance inji yana juya jinina, in dawo kamar tsumman da aka matse. Kuma ba warkewa zan yi ba, a gabanka likita ya faɗa."

Na yi magana sosai a ranar, na ƙara washegari. Na kawo addini, na kawo 'ya'yanmu da ke gida Najeriya, na kira yayanta a Zariya ya yi mata nasiha ta waya. Ta saurari kowa cikin ladabi, ba ta canja ba. Yanzu idan na tuna, sai in ga surutu kawai na yi ta yi don tsoron da ke cikina. Ban tsaya na ji gajiyar da take faɗa ba.

Ranar Asabar ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Tana kishingiɗe a falo, ni kuma ina ta canja tasha a talabijin don kada shirun ya yi mana yawa. Sai na faɗo kan wani fili fari fat mai kewaye, mata biyu suna zamiya a kai.

Ta ce, "Tsaya a nan."

Gasar mata ce ta ƙasashen duniya, ta tsere a kan ƙanƙara. Mu biyun ba wanda ya taɓa ganin ƙanƙara sai ta firji. Takalmansu da doguwar wuƙa a ƙasa. Sukan sunkuya, su aza hannu a baya, su riƙa tura ƙafa gefe da gefe a natse, kamar ba gudu suke ba, sai kyamara ta bi su sannan ka gane irin saurin. A kwana kuwa sukan kwanta gefe guda har ka ce faɗuwa za su yi. Kayansu sun rufe su tun daga kai har idon sawu.

Matata ta ce, "Ka ga, su ma da ɗan hijabinsu."

Na yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, don kwana biyu ke nan ban ji ta yi raha ba.

Bibbiyu ake sakinsu. Duk wadda ta riga 'yar'uwarta isa sai in ce ta ci. Sau uku ina haka, sannan matata ta ce, "Malam, kai dai ka iya tuƙi, amma ba ka sauraro. Ba da juna suke yi ba, da agogo suke yi." Ita ta koyar a firamare kafin mu zo, ta fi ni jin Turancin mai sharhin. Ta yi mini bayani cewa tsere huɗu ne cikin kwana biyu, daga gajere na mita ɗari biyar har dogo na mita dubu biyar, a ƙarshe a haɗa lokutan gaba ɗaya. Wadda ba ta ƙarasa ɗaya ba, ba ta cikin lissafi.

Ana cikin gajeren ne wata ta faɗi. Ba yarinya ba ce, da ganin fuskarta ta daɗe a harkar. A kwanar ƙarshe ƙafarta ta goce, ta tafi da baya har ta bugi katifun da aka jera a gefe. Abokiyar tserenta ta wuce ta gama. Na ce shi ke nan, a zo a fitar da ita. Sai ta dafa ƙanƙarar ta miƙe, ta gyara gilashin idonta, ta tura ƙafa ɗaya, ta tura ɗayar, ta ƙarasa ita kaɗai. Mai sharhi ya ce da wannan lokacin ba ta da sauran rabo a gasar.

Bayan kamar awa ɗaya aka fara na mita dubu uku, sai ga ta an kira ta. Wannan tseren shi ne abin da har gobe nake gani idan na rufe ido. Ba ta yi shi kamar mai sauke nauyi ba. Kowane zagaye sai mai horar da ita ya ɗaga mata allo da lamba, ita kuwa ta riƙe taki ɗaya ba ta saki ba. Wajen ƙarshe bakinta a buɗe, hannun da ke baya ya sauko tana wurga shi, amma sunkuyon bai lalace ba. Da ta gama ta zame hular, ta dafa gwiwoyi, takalmin yana tafiya da ita a hankali. Gashinta ya jiƙe sharkaf.

Can matata ta ce, "Ta san fa ba za ta ci ba."

Na ce, "Ta sani."

Allah ya taimake ni ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Da na ƙara, na tabbata da na ɓata.

Ranar Lahadi na nemi izini a wurin aiki na zauna a gida. Ban ambaci asibiti ba. Da yamma muka kunna, aka yi na mita dubu da ɗari biyar, matar nan ta sake fitowa da filasta a haɓa, ta yi nata ta gama. Aka sanar da 'yan ƙalilan da za su shiga dogon tseren ƙarshe, babu ita. Kyamara ta nuna ta zaune a benci tana kwance igiyar takalmi, tana yi wa wata da ta samu shiga murmushi.

Matata ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na faɗa mata. Ta ce, "Miƙo mini abayata."

Don ruɗewa sai na ji bakina ya ce, "Ba za ki ga na ƙarshen ba?"

Ta harare ni ta ce, "Malam, je ka tada mota."

Da silifana ta fita, don nata ba ya shiga. A hanya ba ta yi maganar gasar ba, ni ma ban yi ba. Ban taɓa tambayarta ko matar nan ce ta sa ta koma ba, don haka ba zan ce na sani ba. Abin da na sani shi ne daga ranar ba ta sake tsallake wanki ko ɗaya ba, har Allah ya karɓi abarsa bayan shekara guda da 'yan watanni. A cikin wannan lokacin ta ga auren babbar 'yarmu, ta riƙe jikanmu na fari. Allah ya jiƙanta da rahama.

Na koyi cewa mutumin da ya gaji ba yawan magana yake bukata ba, a zauna kusa da shi kawai. Na kuma koyi girmama wanda ya ci gaba da abu alhali ya san ba shi zai yi nasara ba. Mata biyu na gani sun yi haka, ɗaya a talabijin, ɗaya a ɗakina.

Muna asibiti aka yi tseren ƙarshen. Ta ce wata rana za mu nemo shi mu kalla tare. Ba mu nemo ba, kuma har yau ban san wadda ta ci gasar ba.