Keken da Na Bayar Aro

Kekuna biyu gare shi, ƙanena. Ɗaya na fita ne, irin wanda ake tura tsofaffi a kai, mu a Makka arabiyya muke ce masa. Ɗayan na ƙwallon kwando ne: tayoyinsa a karkace kamar mai gwame, babu birki, babu mariƙi a baya, an ƙera shi daidai faɗin ƙugunsa. Shekara uku ya yi yana jiransa. Kullum sai ya goge shi, har nakan ce masa ranar da zai yi aure sai ya fara neman izinin keken.

Yana ɗan shekara biyu shan inna ya kama masa ƙafafu. Lokacin muna Nakkasa, a saman dutse, kafin a rushe unguwar. Ni na riƙa goya shi a matakalar nan har ya fi ƙarfin bayana. Don haka kada wani ya ce ban san abin da keke yake nufi a wurinsa ba. Na sani sarai.

A wurin gashin ƙashi wani koci ya ga faɗin kafaɗarsa ya ja shi ƙungiyarsu ta masu buga ƙwallon kwando a kan keke. Shekara goma sha ɗaya yana buga musu. Tafin hannunsa ya yi kanta, har in ya gaisa da baƙo sai baƙon ya duba nasa hannun. Yana dab da talatin wata babbar ƙungiya a Jidda ta kira shi gwaji bayan ƙaramar Sallah. Kocin bai ɓoye masa ba, ya ce a shekarunsa ba a kira sau biyu.

Cikin azumin ne wata tsohuwa daga garin kakanninmu ta sauka a gidanmu a Tandabawi, ita da ɗanta, sun zo umara. Gwiwoyinta sun kumbura. A gidanmu ba a hana baƙon Allah abin da ya gani, haka muka taso. Ranar ƙanena ya fita da arabiyyarsa, sai ɗan tsohuwar ya hango ɗayan a jingine, ya ce in ara musu. Na ce ba na turawa ba ne, ya ce zai dafa bayansa. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "'Yata, ɗawafi ɗaya ne." Kunya ta kama ni, na ce a dawo da shi kafin la'asar.

Akwai abin da duk ɗan Makka ya sani, ni kuma ban gaya musu ba. Keken da aka bari babu kowa a kusa da Harami na wakafi ne a idon mutane, duk mai bukata ɗauka yake yi, ba kuma sata ya yi ba. Sun ajiye shi a gefe sun shiga sahun azahar. Da suka idar babu shi.

Ɗan ya ce in kwantar da hankalina, zai sayo wani a kanti. Wallahi ba don azumi ba da na wanke shi da mari.

Kwana tara ina yawo a Misfala, unguwar da ke dab da Harami, masauki bayan masauki, ina leƙa duk keken da ya wuce. Ƙanena ya je Jidda da keken wani abokin wasansa, wanda ya yi masa faɗi. An ce sau biyu ya kife. Ba su sake nemansa ba. Ya ci gaba da zuwa tsohuwar ƙungiyarsa da keken aro na wasu watanni, sannan ya daina.

Na so ya zage ni. Na so ya yi wata guda ba ya yi mini magana. Abin da ya ce kawai, tun ranar farko, shi ne, "Yaya, ta dai samu ta yi ɗawafin?"

Na ce ta samu. Ya ce to, alhamdulillah.

Yanzu yana sayar da carbi da turare a wani ɗan shago a Misfala, fuskarsa na kallon titi, kekuna na wucewa ta gabansa daga safe har yamma. Kwanaki na kai masa shayi, hannuna ya taɓa nasa. Tafinsa ya yi laushi, ya fi nawa.