Garin Tsohuwa a Kokon Yaya

Yayar mijina tana da aƙida ɗaya game da magani: in bai yi ɗaci ba, ko bai yi wari ba, yaudara ce. A bene ɗaya muke zaune a unguwar Highbridge, can ƙasar waje, ita a samanmu, kuma mabuɗin ƙofarmu yana ɗaure a bakin gyalenta.

Lokacin ina aikin kula da wata tsohuwa Ba'indiya. Kullum sai na dama mata garin wata saiwa, ashwaganda, a madara mai ɗumi, da ɗan cokalin shayi. Warinsa kamar an shiga bargar doki. Ta ce a ƙasarsu tsofaffi ake ba, da wanda ya tashi daga jinya, da wanda barci ya ƙaurace wa. Da ta ji mijina direban tasi ne, ba ya samun barci, sai ta cika min kwalba. Amma ta riƙe hannuna ta ce ban da mai ciki, mai ciwon hanta ko maƙoƙo kuma sai ya tambayi likita. Ta kalli cikina ta ƙara maimaitawa. Tsohuwar akwai ido.

Ciki gare ni, ƙarami. Na yi ɓari sau biyu kafin wannan, don haka ko mijina ban gaya wa ba. Tsoro nake ji, ga kunya. A gidanmu ba a faɗin ciki da baki, sai zane ya faɗa.

Da na kawo kwalbar gida, Yaya ta buɗe ta shinshina, fuskarta ta washe.

"Wannan shi ne magani! Ba irin ƙwayoyin famasin nan masu kama da alawa ba."

Na ce mata ɗan cokali ake sawa. Ta ce ai Indiyawa ba su da jiki, ta ɗauko ludayi. Mijina ya sha, ya wuni yana zarya banɗaki, ya kwana har azahar. Yaya ta ce cuta ce ke fita.

Sai ta juyo kaina. Ta ce na rame, na yi fari, ina tafiya kamar kazar da ruwa ya daka. Kowace safiya sai ga kofin koko da madara, an zabga garin saiwar. Ina godiya, tana fita in tuttule a wajen wanke-wanke. Wata rana na ba shukar da ke tagarmu, ita ma ba ta ji daɗi ba.

Ranar wata Lahadi ta ƙi fita. Ta ja kujera ta zauna, mijina yana gefe yana ɗaure takalmi.

"Shanye a gabana."

"Yaya, na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Tashi ki karɓa."

Kofin ya iso har leɓena. Na rufe ido na ce, "Yaya, ciki ne da ni."

Takalmin mijina ya faɗi. Yaya ko gezau.

"Yo wa kike gaya wa? Tun ranar da kika gudu daga warin daddawata na sani. Don wa kike zaton nake ƙara ludayin? So nake wannan ya zauna."

Na gaya mata abin da tsohuwa ta ce, kalma da kalma. Ta ajiye kofin a hankali.

"Kofi nawa kika sha?"

"Ko ɗaya."

Matar da ko ledar burodi ba ta yarwa ta ɗauki kwalbar ta juye a masai, ta kora ruwa. Ta dawo ta zauna a ƙasa, ta kifa kanta a gwiwata tana kuka. Ni ma na yi.

Can ta ɗago ta fyace hanci da gyale.

"Wato duk madarar nan tawa a rariya kika zubar, 'yar nema?"

A watan azumi na haihu. Yaya ce ta yi wa yarinyar wankan farko, kuma ko zuma ba ta yarda an lasa mata ba sai da ta sa aka kira likita.